Mai Gadin Silifas a Bakin Teku

Silifas na mutum shida, jakunkuna uku, wayoyi huɗu, kular shinkafa, da ɗan akwatin azurfa da Amma, uwar mijin Parul, ke ajiye ganyen taunarta. Abin da Parul ta yi kwana biyu tana kallo ke nan a bakin tekun Cox's Bazar. Tekun kuwa ga shi can, bai fi taku ɗari ba daga gadon katakon da take zaune a kai ƙarƙashin lema, yana ruri yana zubar da kumfa, amma ko ɗan yatsan ƙafarta bai taɓa shi ba. Yau Asabar, ƙarfe uku na rana motarsu za ta tashi.

Shekara bakwai ta yi tana jiran wannan ruwan. Ranar bikinsu, da aka lulluɓe su da mayafi ɗaya aka ajiye madubi a gabansu, ƙawayenta suka tambayi ango me ya gani a ciki. Kowane ango farin wata yake cewa ya gani. Shi Mokbul, mai gyaran injin ban ruwa, wanda bai taɓa wuce garinsu Rangpur da ke can arewa ba, sai ya kalli idanunta a madubin ya ce, "Teku na gani." Ɗaki ya kaure da shewa. Washegari ta tambaye shi a ina ya san teku. Ya ce bai sani ba, amma zai kai ta su gani tare, su biyu rak, ya riƙe hannunta su shiga har ruwa ya kai musu ƙirji. Tun daga ranar ta ninke wani jan sari, zanen da matan ƙasarsu ke ɗaurawa, ta sa a ƙasan akwati. Duk shekara takan fito da shi ta shanya, ta mayar.

Da tafiyar ta tashi a bana, su biyun suka zama bakwai. Amma, uwar Mokbul, ta ji an ce ruwan gishiri na maganin ciwon gwiwa. Dolon, ƙanwarsa, ta ce ai ba za a bar Amma ta tafi ba mai kula da ita. Mijinta Anis ya ce ba zai bar matarsa ta yi tafiyar awa ashirin ita kaɗai ba, 'yan matansu biyu kuma ba a bar su da kaji ba. Parul ta haɗiye. Ta soya kaza, ta dafa ƙwai, ta ɗaure kaya. Ta ce wa zuciyarta teku babba ne, zai ishi kowa.

Ranar farko da suka iso da yamma, kowa ya tuɓe silifas ya watsar a gabanta kamar ƙofar masallaci.

"Bouma, ki ɗan zauna da kayan," in ji Amma. Haka take kiran surukarta, da murya mai zaƙi kamar rake in aiki za ta ba ta. "Wurin nan cike yake da ɓarayi. Mu ɗan jiƙa ƙafa mu dawo."

Ɗan jiƙa ƙafar ya kai har faɗuwar rana. Rana ta biyu ma haka, in ban da barcin rana a masauki. Daga inda take, Parul ta ga duk wani daɗi da ake zuwa bakin teku a ji. Ta ga Anis ya hau doki mai kwalliyar furannin roba, dokin ya yi tutsu ya kusa ya da shi, aka yi ta dariya. Ta ga 'yan matan sun binne ƙafafun Amma cikin yashi mai zafi har cinya, tsohuwar na lumshe ido tana salati. Ta ga Dolon cikin robar tayar haya, igiyar ruwa na juya ta kamar waina, tana ihu tana kiran mijinta. Sun sha ruwan ɗanyar kwakwa, sun ci soyayyar kaguwa, sun sa an rubuta sunayensu a jikin katantanwa. Ita kuwa ana kawo mata ragowar shinkafa mai yaji a cikin takarda, ta riga ta yi laushi. Har mai hoto suka kira, suka jeru cikin ruwa, Mokbul a tsakiya da hannunsa a kafaɗar uwarsa. Da aka kawo hoton Dolon ta miƙo mata, tana kiranta Bhabi, wato matar yaya.

"Bhabi, ajiye mana a jaka. Ki kula kada ya lanƙwashe."

Da ta yi ƙarfin hali ta ce ita ma tana so ta shiga, Amma ta tofar da jan yawun ganye a yashi ta ce, "Matar gida ta jiƙe a gaban maza dubu, zane ya manne mata a jiki? Me mutane za su ce?" A lokacin Dolon na tsaye a gefe, ruwa na tsiyaya daga rigarta. Mokbul ya sosa ƙeya ya ce, "Gobe da safe. Wallahi gobe taki ce."

Goben ce yau. Parul ta tashi tun asuba ta ɗaura jan sarin. Amma ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Biki ake yi?" Da suka iso bakin ruwa, kafin Parul ta ankara, silifas sun sake taruwa a gabanta.

"Kai, kana ji na?" ta ce wa bayan Mokbul. Shekara bakwai ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kiran na ubanta ba. "Ka ce yau."

"Yau ɗin ne mana. Bari Amma ta yi wankan bankwana, in fito da ita, sai in zo mu shiga."

Ya tafi riƙe da hannun uwarsa.

Tsohon da ke ba da hayar gadajen, wanda ake kira Chacha Sobhan, wato baffa Sobhan, ya zo yana kakkaɓe yashi da tsumma. Kwana biyu yana ganinta. Fatarsa ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, gemunsa ja da lalle. Ya dubi jan sarin, ya dubi tarin silifas, ya dubi ruwa.

"'Yata, in wanka kika zo yi, yanzu ne. Ƙarfe goma ruwa zai juya. Da ya fara janyewa za su kafa jar tuta, ba mai shiga kuma sai bayan la'asar."

"Janyewa zuwa ina, Chacha?"

"Inda yake zuwa kullum. Ku mutanen arewa da rana kuna can kuna barci a masauki, shi ya sa ba ku gani."

Ta miƙe tsaye tana ɗaga hannu har Mokbul ya hango ta, ya fito yana ɗiga, wandonsa a naɗe. Ta gaya masa abin da tsohon ya ce. Ya tuntsire da dariya.

"Haba! Wayo yake miki, so yake mu tashi ya ba wasu gadon. Ni za a gaya wa ruwa? A bakin kogin Tista aka haife ni. Kogi guda sai ya yi wata uku kafin ya ja da baya, balle wannan da ba a ganin ƙarshensa. Teku ba gudu zai yi ba, kwantar da hankalinki."

"To ka zauna da kayan minti goma."

"Amma na can ita kaɗai."

"Dolon fa?"

"Dolon na hoto. Yanzu zan dawo."

Ya juya da gudu. A hanya Anis ya tare shi, sun samu babur mai ƙafa huɗu na haya. Parul na kallo mijinta ya ɗare bayansa, suka yi kudu suna ihu kamar yaran da aka taso daga makaranta, har suka zama ɗigo.

Ta zauna. Ta kalli wayar Dolon: tara da rabi. Ta kalli ruwa. Ta sake kallon waya: goma saura kwata. Sau biyu tana miƙewa, sau biyu idonta na faɗawa kan akwatin azurfar Amma, wanda tsohuwar ta gada daga uwarta, sai ta koma ta zauna. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ba wanda ya ɗaure ta da igiya. Tarbiyya ce ta ɗaure ta, ita kuma ta miƙa wuya kamar akuya.

Sai ta ji usur.

Masu ceto sanye da riguna ja da rawaya suka bazu a bakin ruwa suna hura usur suna koro mutane. Wani ya cire koriyar tuta ya kafa ja. Parul ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta tattare sarin a hannu ta ruga, yashi na ƙona mata tafin ƙafa, tana ture mutanen da ke fitowa. Ta kai jiƙaƙƙen yashi. Saura taku goma. Wani mai ceto ya sha gabanta ya buɗe hannuwa.

"Apa, 'yar'uwa, koma. An rufe."

"Ƙafata kawai zan sa. Ƙafa kawai, don Allah."

"Kowa haka yake cewa. Ruwan da ke komawa ba ya tambayar ƙafa ce ko kai, jan mutum yake yi. Ba ki ga tuta ba? Sai ƙarfe huɗu."

Ta tsaya a nan. Igiya ta taso, ta zo ta mutu nesa da ita. Wadda ta biyo baya ta mutu nesa da ta farko. Tana ji tana gani tekun da ta yi shekara bakwai tana mafarki ya tattara zanensa yana tafiya, ya bar mata fili mai sheƙi da ƙananan kaguwoyi suna gudu a kai.

Da ta dawo ta same su duka a wurin lema. Amma na ƙirga jakunkuna.

"Kika bar kaya haka a fili? In da an ɗauke akwatina fa? Bouma, ina hankalinki?"

Mokbul na tsaye, gashinsa a hargitse da iskar babur, yana kallon inda ruwa yake ɗazu, bakinsa a buɗe.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe da gaske tafiya yake yi."

"Ayya, Bhabi," in ji Dolon tana matse gashinta, "ba ki yi asarar komai ba, wallahi. Gishiri ne kawai, ga ƙaiƙayi. Dubi idona yadda ya yi ja."

"Ai ga ruwan ma," in ji Mokbul da fara'ar wanda ya samo dabara. Ya nuna wata jarka da Amma ta sa aka cika mata don gwiwarta. "In mun koma masauki sai a zuba miki a ƙafa. Duk ɗaya ne, ruwan teku ne. Ɗauko ta mu tafi, a samu a haɗa kaya."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Parul. Ta sunkuya ta ɗauki jarkar, ta buɗe murfin, ta tuntsurar da ita a kan tarin silifas. Ruwan ya yi ta bulbula har ya ƙare, yashi ya shanye. Ba wanda ya motsa.

"Mokbul Hossain," ta ce.

Amma ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sunansa ta kira!"

"Sunansa ne, Amma, ke kika raɗa masa. Mokbul Hossain, dube ni. Me ka gani a madubi?"

"Parul, mutane na kallo…"

"Su kalla! Kwana biyu ina kallonsu, yau su ma su kalle ni. Na ce me ka gani a madubi? Silifas ka gani? Kular shinkafa ka gani? Da ka ce wata ka gani kamar kowane ango, da na san ƙarya ce irin ta biki, na yi dariya na manta. Kai kuwa ka ce teku. Ka sa na ajiye zane shekara bakwai ina shanya shi kamar mahaukaciya. Ka kawo ni tafiyar awa ashirin, ka ajiye ni taku ɗari daga bakinsa, ka ce in yi gadin takalmin ƙanwarka!"

"Bhabi, ni me na yi miki?"

"Ke yi mini shiru. Rigarki ta manne miki a jiki kwana uku, ba wanda ya tambayi me mutane za su ce. Kunya a gidanmu kaɗai aka raba ta?"

"Bouma," in ji Amma, "haƙuri shi ne adon mace. Ni na yi shekara arba'in a gidan ubansa, ko kasuwar Rangpur bai taɓa kai ni ba."

"Shi ya sa da kika samu kika shige har wuya kika manta da ni. Ban hana ki ba, Amma. Na ji daɗi da na ga kina dariya cikin ruwa, Allah ne shaida. Sai dai da ke aka zaunar a nan, da kin san abin da nake ji."

Tsohuwar ta juya ga ɗanta. "Kana tsaye tana gaya mini magana?"

Mokbul ya rage murya. "Ya isa haka. Na yi kuskure, na ji. Baɗi sai mu dawo, mu biyu. Tashi mu tafi, mota ba ta jira."

"Baɗi." Parul ta yi wata dariya marar daɗi. Ta koma kan gadon katakon ta zauna, ta harɗe ƙafa. "Ruwa zai dawo ƙarfe huɗu. A nan zai same ni."

"Mota ƙarfe uku ce!"

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya rantse, Anis ma ya sa baki. Ko kallonsu ba ta yi ba. A ƙarshe suka zura ƙafa cikin jiƙaƙƙun silifas. Aka tsaya ana kallon jakunkuna, don ba wanda ya san wace ce ta wa, ko yadda mutum ɗaya ke ɗaukar uku a lokaci guda. Mokbul ya rataya biyu, ya rungumi kula, murfin ya faɗi, ya sunkuya ɗauka jaka ta zame. Haka suka tafi. Amma na tafe tana waiwaye.

Rana ta take. Bakin teku ya yi fayau, sai dawakai a tsaye suna kaɗa jela da masu sayar da kwakwa suna gyangyaɗi. Parul ba waya, ba kuɗi ko taka ɗaya a ƙullin zanenta. Fushin da ya riƙe ta ya fara sanyi a gefe-gefe, tsoro na shigowa ta nan. In ya tafi fa? Labari zai riga ta isa gida: matar Mokbul ta kira sunansa a bainar jama'a, ta zubar da maganin surukarta. Ta tuna fuskar ubanta. Hawaye suka taho, ta mayar da su da ƙarfi. Ba za ta yi kuka a gaban wannan ruwan ba, shi ma ai guduwa ya yi ya bar ta.

Chacha Sobhan ya fasa kwakwa ya ajiye a gefenta. Can ya dawo ya gyara mata lema, don inuwa ta juya.

"Zai dawo, Chacha?"

"Ruwan? Shekara sittin bai saɓa mini ba." Ya tofar da yawu. "Ɗayan kuwa ban san shi ba."

Aka kira azahar. Uku ta wuce. Uku ta wuce. Can nesa, farin layin kumfa ya fara matsowa, kowace igiya na wuce ta gabanta da taku ɗaya. Mutane suka fara fitowa daga masaukai. Parul ta kafa ido a kan jar tutar kamar za ta ƙona ta.

Sai ta ji an zauna a ƙarshen gadon. Ba ta juya ba, ta san numfashinsa.

"Na sa su a mota," in ji Mokbul. Shi ma ransa a ɓace. "Anis zai kula da su. Amma ta yi ta kuka har mota ta tashi. Kin san abin da za a ce a gari?"

"Na sani."

"Kin kunyata ni yau, Parul."

"Kai kwana uku ka yi kana yi."

Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye tsakaninsu. Ƙullin ganyen tauna ne guda, an naɗe shi da kyau irin naɗin Amma.

"Ta miƙo ta taga. Ba ta ce in ba ki ba. Ba ta ce kada in ba ki ba."

Parul ta kalli ƙullin, ba ta taɓa ba. Usur ya tashi. Mai ceton nan ya tumɓuke jar tuta ya kafa koriya, jama'a suka ɗunguma kamar an buɗe garke. Ta miƙe ta gyara jan sarin, ta soke gefensa a ƙugu. Mokbul ya yi zumbur ya fara naɗe wando, ya miƙo mata hannu.

"Mu je. Har ƙirji, kamar yadda na ce."

Ta kalli hannun. Shekara bakwai tana ganin wannan hannun a mafarki, da baƙin mai a ƙarƙashin farce, yana riƙe da nata cikin ruwa. Zuciyarta ta yi masa wani irin tsalle, ta tsawata mata. Ta tuɓe silifas ɗinta ta ajiye a gabansa.

"Zauna. Wurin nan cike yake da ɓarayi."

Ta tafi ita kaɗai. Yashi mai zafi, sannan mai sanyi, sannan mai laushi da ke nutsewa. Igiyar farko ta lashe mata idon sawu, sanyinta ya ratsa har ƙeya. Ta ci gaba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sarin ya buɗe a kansa ja wur. Wata babbar igiya ta taso ta make ta a ƙirji ta zaunar da ita, gishiri ya cika mata baki da hanci. Ta miƙe tana tari, ta daki ruwan da tafin hannu biyu, ta sake dukansa, ta kurma ihun da ita kanta ba ta san ko dariya ce ko kuka ba. Ba wanda ya kalle ta. Kowa na ta kansa.

Da ta waiwaya ta hango shi can ƙarƙashin lema, ɗan ƙarami, zaune a bakin gado da silifas ɗinta a kan cinya, ya riƙe su da hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsa, ruwa na ture ta yana janyo ta. Sannan ta ɗaga hannu sama ta yafito.

Mokbul ya miƙe da sauri har ya buge kansa da lema.

"Ba kai ba!" ta ƙwala da iyakar muryarta. "Mai hoto! Turo mini mai hoto!"